Shawarwari kan injin ɗaga kaya zuwa bene a Damagaram

Masu rumbunan ajiya da masu injin sarrafa gyaɗa sun zauna da maƙera da masu gyaran wuta a Damagaram, kan injin da ke hawa da kaya daga ƙasa zuwa bene. Abin da aka fi nanatawa: na kaya ne, ba na mutane ba. Wani dattijon maƙeri ya ce, "Alhaji, ko yaronka ya roƙe ka, kar ka bari ya hau bisa buhuna." Na goyi bayansa sosai, domin injin ba shi da kariyar da ake yi wa lif na mutane.

An daɗe kan nauyi. Buhun gero mai kilo 100 guda 10 ya kai tan 1, ban da nauyin amalanken da aka ɗora su. A rubuta iyakar nauyin ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa. Kuma kafin a fasa dakalin bene, a kira injiniya ya duba rodi da ginshiƙai.

Masu gyaran wuta suka ce a nemi mai birkin da ke kamawa da kansa in wuta ta ɗauke, abin da ba baƙo ba ne lokacin zafi. Ƙofar kowane hawa kada ta buɗu sai injin ya tsaya daidai.

Ƙurar hunturu kuwa tana cakuɗewa da giris ta cinye sarƙa, don haka a goge ta tas kafin a shafa sabo.