Kilo nawa mai ƙiba zai rage kafin ya ga amfani?

Ummu Nana: Jama'a, mai kilo 100 dole sai ya koma 70 kafin lafiyarsa ta gyaru?

Malam Bala: A'a Hajiya. A binciken rigakafin ciwon suga da aka wallafa a Amurka a 2002, an nemi masu haɗarin kamuwa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58, a wani rukunin da aka ba metformin, wani maganin ciwon suga, kuwa ta ragu da kashi 31. Ga mai kilo 100, kashi 7 ɗin nan kilo 7 ke nan.

Anti Rabi: Kada a dogara da sikeli kaɗai. A auna ƙugu da tef, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan an fitar da numfashi. Idan ya wuce santimita 102 ga namiji ko 88 ga mace, kitsen ciki ya yi yawa.

Ummu Nana: Allurar rage ƙiba ta semaglutide fa?

Malam Bala: Tana aiki: nauyi ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari a mako 68, a wani gwaji da aka wallafa a 2021. Amma da aka daina, kashi biyu bisa uku na abin da ya zube ya dawo cikin shekara, don yunwa na dawowa. Tana kuma kawo tashin zuciya, shi ya sa likita ke ƙara ta a hankali.