Me Marsha Linehan ta kawo sabo a kula da masu larurar halayya?

Ɗaliba:
Assalamu alaikum. An ba mu aikin rubutu a kan masanin halayyar ɗan Adam da bincikensa ya sauya yadda ake kula da marasa lafiya, sai na zaɓi Marsha Linehan ta Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka. Ina son malamai su fahimtar da ni abin da ta kawo sabo, kuma ko hanyarta ta fi sauran da gaske.

Malamin jami'a:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Linehan ta kama aiki a wannan jami'a a 1977, ta kuma ɗauki waɗanda likitoci da yawa ke gudu, wato mata masu yawan yunƙurin halaka kansu, waɗanda akasarinsu ke fama da larurar halayya da ake kira BPD (Borderline Personality Disorder): zuciya mai saurin hawa da wuyar sauka, tsananin tsoron a guje su, da ji wa kai rauni. Ta lura cewa idan ta matsa musu su gyara ɗabi'a sai su ji ana ɗora musu laifi su daina zuwa, idan kuwa ta tsaya ga lallashi kaɗai sai su ga ba a ɗauki azabarsu da muhimmanci ba. Daga nan ta haɗa biyun, karɓar mutum yadda yake da kuma koya masa canji, ta gina hanyar jinya ta tattaunawa da koyar da dabaru da ake kira DBT (Dialectical Behavior Therapy). A 1991 ta wallafa gwajin farko na wannan hanya, wanda a cikinsa aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, inda waɗanda suka bi hanyarta suka rage cutar da kansu da kwana a asibiti.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam ya yi bayani, amma a ƙara da yadda abin yake a aikace. Marar lafiya yana ganin mai ba shi shawara kowane mako, yana halartar ajin koyon dabaru, yana cike kati kullum da ke nuna ƙarfin baƙin cikinsa da ko tunanin cutar da kai ya zo masa. Akwai dabarar tsoma fuska cikin ruwan sanyi idan rai ya ɓaci matuƙa, domin bugun zuciya ya lafa kafin a yanke wani hukunci. Kada ki manta cewa a 2011 Linehan ta bayyana wa duniya cewa ita ma an kwantar da ita fiye da shekara biyu a asibitin ƙwaƙwalwa a birnin Hatfod na Amurka tun tana 'yar shekara 17.

Likitan ƙwaƙwalwa:
Ina girmama aikinta ƙwarai, sai dai ga tambayarki ta biyu a yi hattara. Gwajin da Shelley McMain ta jagoranta a Toronto ta ƙasar Kanada, wanda aka wallafa a 2009 da marasa lafiya 180, ya nuna cewa kulawar likita mai tsari, wadda ƙwararru a wannan larura suka bayar, ta yi daidai da DBT a sakamako. Haka kuma binciken Mary Zanarini a asibitin McLean na Amurka, da ya bi masu wannan larura 290 shekara da shekaru, ya gano cewa mafi yawansu alamomin sun lafa cikin shekara 10, ko da yake riƙe aiki da zaman lafiya da mutane sun fi wuyar samuwa. A ganina babbar gudummawar Linehan ita ce ta fara tabbatar da hujja cewa wannan larura tana jin magani, a lokacin da ake ɗaukar masu ita a matsayin waɗanda ba a iya taimaka musu. Ki gina rubutunki a kan wannan, ki kuma kawo sakamakon Toronto a sashen suka.