Wai me ke damun gcc ɗin nan ne? Ya ƙi haɗa min program

Abu_Sadik, Madina:
Assalamu alaikum jama'a, masu Linux don Allah a taimaka. Akwai wani ɗan program na C da abokina ya rubuta tun tuni mai lissafa lokutan salla, a tsohuwar laftof ɗina mai Ubuntu 20.04 lafiya lau yake haɗuwa, yanzu na sa 22.04 a sabuwa kuma Makefile ɗin, wato fayil ɗin da ke ɗauke da umarnin haɗawa, bai biyo ni ba sai nake buga wa gcc, compiler ɗin C, umarnin da hannu, gcc -lm *.c -o salla, sai ya zubo min "multiple definition of latitude" da 'yan uwansa, can ƙasa kuma "undefined reference to cos". Wallahi ko harafi ɗaya ban taɓa a code ɗin ba.

Injiniya_Jidda:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala biyu gare ka, kuma duk linker ne ke kuka, wato ld mai ɗinke guntayen program su zama ɗaya, compiler ya riga ya gama nasa aikin. Ta cos mai sauƙi ce, mayar da -lm ƙarshen layi. Shi ld daga hagu yake karantowa zuwa dama, lokacin da ya iso libm, library ɗin lissafi da -lm ke kira, babu wanda ya nemi cos tukuna sai ya wuce abinsa, ba ya waiwaye.

Ɗayar kuwa canjin gcc ne. 20.04 gcc 9 gare shi, 22.04 kuma gcc 11, to tun daga gcc 10 da ya fito a 2020 suka mayar da -fno-common ya zama shi ne tsari. Buɗe fayil ɗin .h, wato header, na tabbata za ka ga "double latitude;" a ciki. Tunda yana zaune babu extern, kalmar da ke nuna cewa a wani fayil aka ajiye shi, kowane fayil ɗin .c da ya ɗauko header ɗin sai ya yi nasa kwafin. A da gcc na haɗe su wuri ɗaya ya yi shiru, yanzu ya daina rufa asiri.

Ummu_Hanan, Riyad:
Ka ƙara -fcommon kawai ya koma tsohon tsari khalas, zai wuce. Wa ke da lokacin bin tsohon code ɗin wani ana tsaka da jarabawa

Injiniya_Jidda:
Hajiya zai wuce kam, ban musa ba, amma gyaran gaskiyan ai bai kai minti biyar ba. Ya sa extern a gaban latitude cikin header, sannan ya zaɓi fayil ɗin .c guda ɗaya tak ya rubuta "double latitude;" a ciki. In ba haka ba ranar da ya tura wa wani, shi ma can zai sha wannan ciwon kan.

Abu_Sadik:
Jazakumullahu khairan, Injiniya Allah ya ƙara basira. Na sa extern ga latitude da longitude da wani wai shi tz, na kai -lm ƙarshe, ya haɗu tsaf. Sai dai la'asar ɗin da yake ba ni ta yi nesa da ta Harami sosai.

Ummu_Hanan:
Wannan kuma ba ruwan linker, duba ko abokin naka lissafin Hanafiyya ya sa, inuwa ninki biyu. Mayar da ita ninki ɗaya ka sake gwadawa.