Rigimar "harsashin tsofaffi" a zauren 'yan Jos

Abba Injiniya: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sauka Jos tun shekaranjiya amma abin nan har yanzu yana cin raina, sai na amayar. Kun san shekara uku ke nan ina shiga gasar harbin nesa a Afirka ta Kudu inda nake aiki. Farantan ƙarfe ake kafawa daga mita 300 har zuwa 900, a ba ka minti biyu, ka yi harbi daga kan shinge ko taya ko tulin duwatsu. Ranar da zan sayi bindiga mai shago ya yi ta rantse mini cewa bindiga mai harsashin .308 Winchester ta gama komai. Na zuba albashin wata biyu. Makon jiya iska ta taso, ina taɓa kunama bindiga ta naushi kafaɗata, madubin hangen nesa ya kauce, ban ma ga inda harsashina ya faɗi ba balle in gyara saiti. Yaron da ke gefena da bindiga mai harsashin 6 Creedmoor yana kallon ƙurar nasa yana gyarawa, faranti sai kuka yake. Na zo kusa da na ƙarshe. An cuce ni wallahi. Wannan .308 harsashin tsofaffi ne, duk mai son cin gasa ya guje shi.

Baba Soja: Wa alaikumus salam. Abba, su wane ne tsofaffin?

Abba Injiniya: Baba ranka ya daɗe, ba da kai nake ba. Harsashin nake nufi, tun 1952 ya fito kasuwa. Shi kuwa 6.5 Creedmoor kamfanin Hornady ya ƙera shi a 2007, na milimita 6 ɗin ya biyo baya.

Baba Soja: Da ni kake. Abin da kake kira .308 ɗan'uwan 7.62 ne na NATO, wanda na rataya a bindigar FN shekara da shekaru. Da shi muka shiga Laberiya a 1990, lokacin kana goye. Bai taɓa ba ni kunya ba. Masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964 take tsaye, irinsa take bugawa. Ka je ka faɗi a gasa, maimakon ka ce hannunka bai nuna ba sai ka zagi iyayenka.

Ɗan Terminus: Baba ya faɗi gaskiya. Wanda bai iya rawa ba shi ke cewa ganga ce ta fashe.

Abba Injiniya: Kai kuma ka taɓa riƙe bindiga?

Ɗan Terminus: Ban taɓa ba, amma na san girman manya. Tsufa ba cuta ba ce. Fijo 504 tsohuwa ce, har gobe tana hawa Pankshin da lodi.

Malama Hauwa: Don Allah ku saurara, maganar tana da lissafi. Harsashin 6.5 mai nauyin giram 9 dogo ne siriri, yana fita da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa. Na .308 mai giram 11 da ɗoriya ya fi shi kauri, yana fita da kusan 790. Mai kauri ya fi shan turjiyar iska, sai ya yi saurin gajiya, kuma gwargwadon yadda ya rage gudu gwargwadon yadda iskar gefe ke tura shi. Wajen yadi 1000, wato mita 914, na .308 ya kusa saukowa gudun sauti, mita 340 a daƙiƙa, kuma nan ne wasu harsasan ke fara tangaɗi. Na 6.5 yana wuce yadi 1200 bai sauko ba. Ga shi naushinsa a kafaɗa bai kai ba. Abba bai yi ƙarya a nan ba.

Abba Injiniya: Allah ya biya ki Malama.

Malama Hauwa: Ban gama ba ƙanena. Bututun bindiga yana cinyewa. Na .308 yakan ɗauki harbi 5000 ko fiye kafin saitinsa ya lalace, na 6.5 Creedmoor wajen rabin haka, na 6 ɗin da kake yabo wani lokaci bai kaiwa 2000. Ga mai koyo da zai yi ta atisaye, shawarar mai shagon ba cuta ba ce.

Baba Soja: To kun ji. Tsoho ya fi juriya.

Malama Hauwa: Baba ba haka na ce ba, na ce kowanne da inda ya fi.

Baba Soja: 'Yata na fahimce ki sarai. Abin da nake jira yaron nan ya janye kalmar.

Jikan Sarkin Baka: Ni duk kun rikita ni. Kuna ta cewa harsashi, harsashi. A gidanmu harsashi shi ne abin da ke fita ya sami nama. Alburushi shi ne garin da ke kamawa. Kwanso shi ne ke faɗowa ƙasa. Wannan da Abba yake kuka da shi haɗakar ukun ce, don haka ku fara sanin sunan abu.

Ɗan Terminus: A kasuwa alburushi muke ce wa duka. A rediyo ma "alburusai" suke cewa in an kama kaya.

Jikan Sarkin Baka: Rediyo ba ta koya mini Hausar farauta. Kakana da bindigar toka yake kada gada, da hannunsa yake ɗura alburushi ya danna da sanda. Ba madubi, ba lissafi.

Abba Injiniya: A taku nawa? Taku talatin? Ina maganar kusan kilomita ɗaya kana kawo mini harba-ka-ruga.

Jikan Sarkin Baka: Yanzu kuma kakana ka koma zagi.

Baba Soja: Kun gani ko? Na ce muku da tsofaffi yake.

Barista: Baba a yi haƙuri. Abba ina da tambaya ɗaya, wane rukuni ka shiga? Domin gasar nesa kala-kala ce. A gasar Palma da ake yi a yadi 800, 900 da 1000, .308 aka fi harbawa. A gasar F-Class, rukunin F-TR bai yarda da komai ba sai .308 ko .223, kuma ƙasar da kake zaune ce ta karɓi gasar duniya ta F-Class a Bulumfonten a 2023. Ko a irin taku ta farantan ƙarfe, a Amurka an ware rukuni na masu .308 da .223 su kaɗai. In ka ɗauki .308 ka shiga buɗaɗɗen rukuni, inda ba a ware irin harsashi, cikin masu milimita 6, ai kai ka kai kanka.

Abba Injiniya: Buɗaɗɗen na shiga, can manyan maharba suke. Kuma na gaya wa mai shagon tun farko.

Ɗan Terminus: Ina shaida?

Abba Injiniya: Sai in ɗauki muryarsa in kawo maka Terminus?

Barista: Sannan kada wani a zauren nan ya ji daɗin hira ya ce zai gwada. Dokar makamai ta 1959 ta lissafa bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303 cikin haramtattu, lasisinsu sai shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta harsashin tartsatsi da ta iska, lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ne. Ta toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Jikan Sarkin Baka: Tamu da takardarta Barista, kada a ce da mu ake.

Maman Hanif: Ni fa tun ɗazu gabana faɗuwa yake. A garin nan, da abin da idanunmu suka gani a 2001 da 2008 da 2010, a zauna ana auna wane harsashi ya fi tafiya nesa? Akwai waɗanda suka rasa 'ya'ya a zauren nan. Yaya Abba ka bar wasanka can inda ka baro shi.

Abba Injiniya: Ƙanwata na ji ki, kuma ban manta ba, gidanmu na Dilimi ma ya taɓu. Amma wasa ne da alƙalai da doka. A Olamfik ana yin sa da bindigar iska a mita 10, tsakiyar abin barar rabin milimita ne kacal, da kuma bindigar .22 a mita 50. Da yaranmu sun sami irin wannan horo da sun san bindiga ba abin burga ba ce.

Baba Soja: Bindiga ba ta zama wasa. Wanda ya kira ta wasa bai ɗauki gawar abokinsa ba.

Malama Hauwa: Baba wasan motsa jiki yake nufi. Ni abin da ya ban sha'awa, Jos ta haura mita 1200 daga teku, iskarta ba ta kai ta Abuja kauri ba, da akwai filin gasa a nan harsashi zai fi miƙewa ya rage faɗuwa.

Usman Kubwa: Komai sai kun sako Abuja. Ku ji da sanyinku. Da hunturu iskar Jos ko hula ba ta bari a ka, ina wani harbin faranti.

Ɗan Terminus: Amma duk Juma'a kuna kan hanyar Akwanga kuna zuwa sayen dankali da tumatir.

Usman Kubwa: Da kuɗinmu.

Abba Injiniya: Jama'a ga fa tambayata game da bindigar nan. In sayar da ita in koma 6.5, ko in tsallaka 6 gaba ɗaya, ko in canza bututu kawai tunda gindin kwanson ɗaya ne da na .308?

Baba Soja: Ka janye kalmar tukuna.

Abba Injiniya: Baba in ta ɓata maka rai ka yafe ni. Amma a buɗaɗɗen rukuni an bar shi a baya, wannan ba zan janye ba.

Baba Soja: To ba ka janye ba ke nan.

Alhaji Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta komai daga sama, ga abin da aka tsayar. Malama da kanta ta tabbatar .308 ya ninka sababbin juriya. Barista ya nuna manyan gasannin duniya da shi ake yi har yau. Don haka mai shago bai cuci kowa ba, Abba ne ya shiga inda bai kamata ba, kuma ƙarancin atisaye ne ya kada shi. Baba ya bauta wa ƙasar nan shekara 35, ni a gidansa na tashi, ba zan zuba ido yaro ya kira kayan aikinsa na tsofaffi ba. Abba ka je gida ka gaishe shi kafin ka koma. Maganar Maman Hanif ma abin dubawa ce. Na rufe wannan babi.

Malama Hauwa: Alhaji ka tsallake rabin abin da na faɗa, na iska da na naushin kafaɗa. Abba ka canza bututun zuwa 6.5, ka ajiye tsohon don atisaye.

Abba Injiniya: Na gode Malama. Baba zan shigo bayan la'asar in sha Allah, da goro.

Baba Soja: Ka zo da sabuwar kalma.