In dokar tace imel ta fashe, ina saƙon zai nufa?

Ɗan_kodin: Salam jama'a, ina ɗan haɗa yaren tace imel ne, abin da ya ɗaure min kai in sikirif, wato jerin dokokin tacewar, ya fashe a tsakiya ya zan yi da saƙon, in goge ko in ƙyale shi?

Sabar_gida: Kar ka goge wallahi! Leƙa Sieve, yaren tace imel da ke cikin takardar ƙa'ida RFC 5228 ta 2008, in aka samu kuskure saƙon inbos kawai yake faɗawa, ba ya ɓata. Kuma ainihin yaren ba ya zagaye, wato ba ya ta maimaita umarni, da gangan, kar wani ya sumar da saba, kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin.

Yar_lab: Ni require ne ya taɓa cina, wato layin da ake ambata ƙarin umarnin da za a yi amfani da su, na sa fileinto mai kai saƙo cikin folda ban ambace shi a sama ba, dokokin duk suka ƙi aiki, sai da na kwana ina nema.

Ɗan_kodin: To ni nawa zai riƙa faɗin lambar layin da aka yi kuskuren, na gode yaya.