Siris ɗin kimiyya na Turawa: dole ne sai an cusa wariyar launin fata da siyasa a ciki?

Abba Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu kallon siris ɗin nan na jiragen sama jannati da mutum-mutumi da halittun wata duniyar. Jiya bayan isha'i muna majalisa aka ɗauke wuta, sai abokinmu ya kunna mana Black Mirror a laftof, kashin nan na 2016 mai suna Men Against Fire, wanda aka dasa ma sojoji wata na'ura a kai, in suka kalli wasu mutane sai su gan su kamar dodanni masu zaƙo-zaƙon haƙora, suna ce masu kyankyasai suna bin su gida-gida suna harbewa, can na'urar wani soja baƙar fata ta samu matsala ya duba ya ga ashe mutane ne kamar kowa har da mace da ɗan yaronta. Wlh musu ya kaure har ƙarfe ɗaya saura. Wani ya ce farfaganda ce Turawa ke wanke kansu, wani ya ce jinin ya yi yawa ya tashi ya tahi gida. Ni dai kallo na zo yi na ƙare da ciwon kai. Dan Allah ku ma abin yana ɓata maku kallo ko ni kaɗai ne?

Sarkin Kallo Daura:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne malam. Ni in na kai wayata shago a tura mani fim so nake in huta, in ga jirgi ya tashi an yi artabu an gama, ba wa'azi na je saye ba. Kuma wariyar fata ai matsalarsu ce can Amurka da Ingila, su suka yi cinikin bayi su ƙarata, mu nan duk baƙaƙe ne ina ruwan biri da gada.

Malam Sada mai ritaya:
Abba ɗana, ba cusawa aka yi ba, da ita aka haifi abin. Star Trek ya fara fita a talabijin ɗin Amurka a 1966, lokacin baƙaƙen fatar ƙasar suna tsakiyar fafutukar neman 'yanci, sai ga mace baƙa, Nichelle Nichols, zaune a ɗakin tuƙin jirgi tana jami'ar sadarwa, ba 'yar aiki ba, ba mai shara ba. Sunanta a fim ɗin Uhura, daga kalmar Suwahili uhuru, wato 'yanci. Ta so ta bar wasan bayan zangon farko, ita da bakinta ta sha ba da labarin cewa Martin Luther King, jagoran fafutukar baƙaƙen, shi ne ya hana ta. Mae Jemison da ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992 ta ce kallon Uhura na cikin abin da ya ja ra'ayinta.

Akwai kashin da ban mantawa, na farkon 1969, ba a cika shekara da kashe King ba. Mutum biyu ne 'yan duniya ɗaya, kowanne fuskarshi rabi baƙi rabi fari, ɗaya yana farautar ɗaya shekara dubu hamsin. Mutanen jirgi suka rasa gane bambancinsu, ashe wai wannan baƙinshi a dama yake, wancan a hagu. Da suka koma garinsu suka tarar kowa ya mutu, an kashe juna kaf, amma ko a nan ba su daina ba. Dalilin da ya sa marubutan ke fakewa da wata duniyar shi ne in ka ce ma Bature kai ne azzalumi zai kashe talabijin ɗin, in ka shafa ma mutum fenti ka ce daga wani tauraro yake sai ya zauna ya kalla har ƙarshe. Mu ma ai haka muke da Gizo da Ƙoƙi, ana zagin sarki a tatsuniya sarki yana dariya.

Maman Khairat:
Ni ba siyasar ce ta dame ni ba, jinin ne. Yanzu abu kaɗan sai a nuna maka an fasa kan mutum ƙiri-ƙiri, kuma masu tura finafinai ba ruwansu da shekarun yaro, ya miƙa kuɗi a cika mashi memori. Black Mirror ba na yara ba ne ko kaɗan, kashinshi na farko ma na 2011 ba ya faɗuwa a bainar jama'a. Amma fa mu faɗi gaskiya, bidiyon gawarwaki da ake turowa a gurup ɗin WhatsApp duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, don wancan an san jan fenti ne, wannan kuwa ɗan wani ne kwance. Na kama yarona ɗan shekara sha ɗaya yana kallon irin shi a wayar babanshi, ranar ban yi barci ba.

Jauro Bello:
Sarkin Kallo, da girmamawa, maganarka ta mu nan duk baƙaƙe ne ita ta sa na yi magana, da shiru zan yi. 'Yan Ruwanda ma duk baƙaƙe ne, yarensu ɗaya, amma a 1994 cikin kwana ɗari aka kashe mutum wajen dubu ɗari takwas, kuma sunan da gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan Tutsi da shi kafin a ɗauki adda shi ne kyankyasai, daidai da na fim ɗin da Abba ya kawo. Ncuti Gatwa ma, ɗan wasan da ya zama babban jarumin siris ɗin Doctor Who na Ingila a 2023 wasu suka yi ta ƙorafi a intanet wai an ba baƙar fata, a Ruwanda aka haife shi, wannan yaƙin ne ya kori iyayenshi suka koma Sukotilan yana ƙaramin yaro.

Kuma Abba, akwai wurin da kuka tsallake a musunku. A fim ɗin sojoji kaɗai aka sa ma na'ura. Mutanen ƙauyen da ke kiran sojoji su zo su kashe kyankyasai ba su da komai a kai, da idonsu lafiya lau suke ganinsu mutane, amma sun tsane su don haka aka yi ta gaya masu. Wannan wurin shi ya tsaya mani a rai. Kwanaki na shiga mota daga tasha za ni wajen Batsari, ina sanye da rigata kamar kowa, direba ya ji hausata sai ya ce a buɗe jakata, ni kaɗai cikin fasinja duka, wata tsohuwa ta janye jikanta daga kusa da ni. Ban ga laifinta sosai ba, ƙila an kashe mata wani, tsoro ba ƙarya ba ne a yankinmu, kowa ya san abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020. Amma ɓarayin dajin nan kawuna ma sun kore mashi shanu kaf sun bar shi da sanda, yanzu gadi yake yi a cikin Katsina. To shi a wane layi za a sa shi?

Sarkin Kallo Daura:
Allah ya huci zuciyarka Jauro, ban yi nufin haka ba wlh, kuma abin da direban nan ya yi maka bai kyauta ba. Amma ina nan kan bakana a wani ɓangaren, wasu siris ɗin na yanzu labarin ba ya tafiya, sai dai a tsayar da jarumi ya yi ta jawabi kamar ɗan takara a filin kamfen. In za ka koya mani abu ka ɓoye shi cikin labari kamar yadda Malam ya ce, kar ka ɗura mani.

Malam Sada mai ritaya:
A nan kam ka yi gaskiya, maganin da aka sa a zuma ya fi saurin wucewa. Sai dai na masu rabin fuska ɗin ma a lokacinshi ba wani ɓoyo aka yi ba, ko makaho ya shafa ya san inda aka dosa.

Abba Ƙofar Ƙaura:
Na gode Baba Malam, na gode kowa. Jauro wlh ban lura da zancen mutanen ƙauyen ba, muna ta ihu a lokacin, yau in an kawo wuta zan sake kallon wurin ni kaɗai. Maman Khairat ki sa ma wayar Alhaji fasuwod kawai. Wa ke da kashin nan na masu rabin fuska ya tura mani, na zagaya shago uku a unguwarmu duk sai Indiya fassara da na Turkiyya suke nuna mani.