Ɗauke diskin VM daga NFS zuwa cikin sabar kanta: me zan rasa?

Abu Maryam, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar jarrabawa a nan Samaru. Sabobi biyu gare mu, duka Proxmox ne a kansu, manhajar da ke gudanar da VM (kwamfutar da ake ƙirƙira da manhaja a cikin saba). Sai NAS ɗaya, wato akwatin ajiyar bayanai, da diskin VM ɗinmu ke zaune a kai ta NFS, hanyar da sabobin ke kaiwa ga fayilolinsa ta waya. Da ɗalibai sun cika ɗaki sun danna shiga lokaci guda, sai rumbun bayanai ya fara jan ƙafa, don komai ta wayar gigabit ɗaya yake bi. Ga SSD, diski mai sauri, a cikin kowace saba, ba abin da yake yi. So nake in mayar da diskin can, gigabait 500 ne. Dole sai na kashe VM ɗin? Kuma me zan rasa?

Injiniya Ɗan Kongo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba sai ka kashe ba. A Proxmox ka shiga Hardware na VM ɗin, ka zaɓi diskin, ka danna Move Storage. QEMU, manhajar da ke tafiyar da VM ɗin, zai riƙa kwafa yana bin duk abin da ake rubutawa, in ya kamo sai ya juya kan sabon. Gigabit ba ta wuce megabait 110 zuwa 120 a daƙiƙa, ka ga in diskin a cike yake za ka haura awa guda. Ka bari sai bayan isha'i, janareta na aiki. Ka fara ɗaukar bakof, wato kwafin ajiya, kuma kada ka taɓa Delete source, zaɓin da ke goge tsohon diskin. Tsohon diskin ya zauna har ka ga jarrabawa ɗaya ta wuce lafiya.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Injiniya ya amsa rabin farko, ni rabi na biyun ne ya dame ni. Yanzu in saba ɗaya ta mutu, ɗayar za ta iya tada VM ɗin, tunda su biyun suna ganin NAS. Ranar da diskin ya koma ciki, in ta mutu da shi ta tafi. Sinafshot ɗinka ma, wato hotunan yanayin diskin da ka adana, ba za su bi shi ba. Shawarata, ka sa tsarin ajiya na ZFS a kan SSD ɗin duka biyu, ka kunna kwafi (Replication) tsakaninsu. A saitinsa na asali duk minti 15 yake yi, amma ana iya rage shi zuwa minti 1. Don Allah ka rage. Yaron da ya zo tun daga Giwa da sassafe, a ce masa amsoshinsa na minti 15 sun tafi, wa zai iya kallon idonsa?

Abu Maryam, Samaru:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. To SSD ɗin da LVM-thin, wani tsarin ajiya daban, aka kafa su. Sai na goge ke nan?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Sai ka goge, Malam, wannan kwafin da ZFS kaɗai yake aiki. Tunda babu komai a kansu, yanzu ne lokacin. Ka ba su suna iri ɗaya a sabobin biyu, sannan ka ɗauke diskin.